Lugu a majigi: laifin da bai je gaban alƙali ba

Mai kallon fina-finan ƴan sanda a talabijin ya san ƙa'idarsu. A shirin Columbo, tun da farko ake nuna masa wanda ya yi kisa, amma ba ya tashi, domin ya yarda cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. In shiri ya ƙare ba a kama kowa ba, sai ya miƙe yana gunaguni. Irin wannan gunaguni ne ke bin mutumin ƙasar Dogon Dutsi duk sa'ad da ya kalli labarin Lugu a majigi.

Masu laifin sanannu ne. Ran 16 ga Afrilu 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine, a hanyarta ta zuwa tafkin Cadi, ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Maharban Azna suka tare ta da kibau, daga bisani suka janye cikin kurmi, aka cinna wa garin wuta. A watan Mayu rundunar ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla.

Da labari ya kai Faransa, aka turo kanal Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Cikin kwana uku, sojojin da kyaftin ɗin biyu ke jagoranta suka juya musu baya suka kashe su. Kaburburansu suna nan a Maijirgi, kusa da Tasawa. A 1900 ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi majalisar Faransa ta yi bincike, masu rinjaye suka ƙi. A 1902 hukuma ta rufe maganar, aka ɗora laifin a kan haukan da wai zafin ƙasar Sudan ke jawowa.

Abin da kotu ta ƙi yi, masu alƙalami da majigi suka ɗauka. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ƴan kallo sun yi murna da ganin jaruma riƙe da makami, ko da yake a bakin dattawan Lugu Sarauniya uwar tsafi ce mai riƙon ƙasa, ba barde ba. Fim ɗin ya ba su jaruma, bai ba su hukunci ba.

A 2020 Rob Lemkin ya fito da African Apocalypse, inda jikokin waɗanda aka kashe suka ba da shaida da bakinsu. Bayan haka wasu daga cikinsu sun kai koke gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman a buɗe musu takardun tarihi.

Ba abin mamaki ba ne. Ƙasar Lugu ita ce ƙasar Tunguma, dutsen da ake zuwa gabansa don a gane mai gaskiya da mai laifi. Mutanen da suka gaji wannan al'ada ba sa ɗaukar mutuwar mai laifi a matsayin shari'a. Aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su rubuta shaidar tsofaffi tun suna raye, domin ƙarar Lugu har yanzu ba a saurare ta ba.