Maganin Sankarar Mama a Matakin Farko ga Mata Masu Manyan Shekaru

Gabatarwa

Sankarar mama ita ce nau'in ciwon daji da ya fi kama mata a Nijeriya, kuma haɗarin kamuwa da ita yana ƙaruwa yayin da shekaru ke ja. Muna kira ga jama'a da su sani cewa tsufa ba dalili ba ne na barin iyayenmu mata a gida ba tare da magani ba. Idan aka gano cutar tun ƙarin yana ƙarami, bai bazu zuwa kaluluwar hammata ba, akwai kyakkyawan zaton warkewa.

Tiyata

Tiyata ita ce ginshiƙin magani a wannan mataki. Likita na iya cire ƙarin kaɗai tare da ɗan naman da ke kewaye da shi, ko kuma ya cire maman gaba ɗaya. Abin da ake dubawa kafin aiki shi ne ƙarfin jikin majiyyaciya da sauran larurorinta, kamar hawan jini da ciwon sukari.

Gashi da na'ura

Bisa ƙa'ida, wadda aka cire wa ƙarin kaɗai akan gasa mata wurin da na'ura mai fitar da haske mai ƙarfi, domin kashe ragowar ƙwayoyin cutar. Sai dai wani bincike mai suna PRIME II, wanda aka jagoranta daga Birtaniya, ya bi diddigin mata 1,326 masu shekara 65 zuwa sama. Ƙarin kowacce bai wuce santimita 3 ba, kuma irin wanda ke jin maganin homon ne. Sakamakon da aka fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa bayan shekara 10 cutar ta dawo a maman kashi 9.5 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa gashi ba, da kashi 0.9 na waɗanda aka yi wa. Amma yawan waɗanda ke raye a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, wato kimanin kashi 81.

Ma'anar wannan ita ce, irin waɗannan mata na iya barin gashi bisa shawarar likita, muddin za su riƙa shan ƙwayoyin homon, kamar tamoxifen, na tsawon shekara 5. Wadda ƙarinta ba ya jin maganin homon ba ta cikin wannan rangwame, don haka wajibi ne a gwada naman da aka cire.

Shawara ga jama'a

Akwai sassan kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Duk wadda ta ji ƙullutu a mamanta, ko da ba ya ciwo, a gaggauta kai ta asibiti mafi kusa. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.