Fitar da iska daga birkin tsohuwar Peugeot 504: abin da ya kamata a sani

Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, a zamanin mulkin Shehu Shagari kuwa, daga 1979 zuwa 1983, ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati. Duk wanda ya farfaɗo da irinta domin hawa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari, birki ne abin da zai fara tantancewa kafin fenti.

Birkin motar da mai yake aiki. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa idan ta shiga bututu direba zai taka birki ya ji ya yi laushi. Ana fitar da ita taya bayan taya, a fara da ta baya ta dama wadda ta fi nisa da masta, mutum guda yana takawa, bakanike yana kwance ɗan notin fitar da iska, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa.

Idan laushin bai tafi ba, maimaita aikin ba zai magance shi ba sai an gano dalili:

1. Tankin man ya ƙafe ana cikin aiki, sabuwar iska ta shiga.
2. An musanya kalifar dama da ta hagu, notin ya koma ƙasa, alhali iska sama take taruwa.
3. Robobin masta sun cinye. Alamarsa ita ce birki ya riƙa nutsewa a hankali bayan an danne shi.
4. Tsohon tiyon roba yana kumbura idan an taka.

Shi kansa man yana tsufa, domin yana zuƙar danshi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake sauka zuwa 155. Don haka ake canza shi duk shekara biyu. Man inji ba ya maye gurbinsa, lalata robobi yake yi.

Binciken lafiyar mota aikin jami'an VIO ne na jiha, tare da hukumar FRSC da aka kafa a 1988. Takarda ba ta tsayar da mota, saboda haka fasinja na da haƙƙin tambaya ko an gwada birkin kafin a sa hannu.