Harouna Doula da Gernot Rohr: Masu Horas da Mena a Zamanin Tashenta

Sau biyu Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta je gasar cin kofin Afirka: a 2012 a hannun Harouna Doula Gabde, a 2013 kuma a hannun Gernot Rohr. Har yau masoya ƙwallo kan gwada su biyun.

Doula ɗan ƙasa ne, ya karɓi ragama a 2009. Salonsa shi ne dogaro da 'yan wasan cikin gida, da tsare baya, da kai farmakin ba-zata ta hannun ɗan wasan gaba Moussa Maâzou. A 2010 ya fitar da Najeriya daga neman gurbin gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida, a 2011 kuma ya kai zagayen 'yan takwas a Sudan. A neman gurbin kofin Afirka na 2012 Mena ta doke Masar 1-0, Saliyo 3-1, Afirka ta Kudu 2-1, duk a Yamai, amma ta sha kashi a wasanni ukun waje. Da maki 9 ta wuce, hukumar ƙwallon Afirka CAF kuma ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Duk da haka aka kawo masa Bafaranshe Rolland Courbis da sunan mai ba da shawara, wanda ya karɓe jagoranci bayan wasan farko na gasar a Gabon. Mena ta dawo ba maki ko ɗaya.

Rohr Bajamushe ne, tsohon ɗan baya, wanda ya kai Bordeaux wasan ƙarshe na kofin UEFA a 1996. Ya zo a 2012, ya fitar da Gini daga neman gurbin kofin Afirka na 2013 da ci 2-0 a Yamai. Ya fi ba tsari da ladabin tsaro muhimmanci. A gasar a Afirka ta Kudu sai a mintocin ƙarshe Mali ta ci Mena 1-0. Aka tashi canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mai tsaron gida Kassaly Daouda ya yi bajinta, Nijar ta samu makinta na farko. Gana kuwa ta ci 3-0. Rohr ya bar aikin a 2014.

Rohr ya gaji ƙungiyar da ta riga ta ginu, ya ƙara mata nutsuwa a waje. Doula shi ya gina ta, kuma ya cancanci a bar shi ya ƙarasa aikinsa a 2012. Ya sake nuna gwanintarsa a 2023, da ya kai Mena wasan kusa da na ƙarshe na CHAN a Aljeriya.