Daga Sojojin Dalma Zuwa Dodannin Tebur

Masu iya magana kan ce, wasa farin girki. Haka abin yake ga 'yan mutum-mutumin nan da Turawa ke yi wa fenti a gida, domin asalinsu kayan wasan yara ne. A ƙarni na 19 birnin Nuremberg na Jamus ya yi suna wajen zuba sojojin kuza. A 1893 kuma kamfanin Britains na Landan ya fito da na dalma masu kogo a ciki, watau dalma kaɗan, kuɗi kaɗan.

Manya ma ba a bar su a baya ba. A 1913 H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin ƙa'idojin yaƙi da sojojin wasa, yana ganin gara a gwabza a daɓe da a zub da jini. Abin takaici, da shekara ta zagayo sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke.

Da wasan Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, Warhammer kuma a Ingila a 1983, sai dodanni da matsafa suka cika tebur. Ba fenti ake sayar da su, mai saye ke zama da siririn buroshi ya ƙawata abinsa.

A zamanin nan ne kuma Ingila ta soke lasisin dafa giya a gida a 1963, Amurka ta halatta shi a 1978. A ganina tushen guda ne: wanda inji ya ƙwace wa sana'a, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya nema wa hannunsa aiki.