Faifan ne ko na'urar?

A shekarun 2000, Windows XP a faifan CD yake iso mana Isa da Sabon Birni, an kwafo daga Sakkwato. Ana tsakar ɗora shi sai kwamfuta ta ce ta kasa kwafar fayil. Masu shagon buga takardu suka gano dabara: a gwada faifan a wata kwamfutar. In ya tafi, ƙurar hunturu ce ta rufe idon na'urar, sai auduga. In ya sake cijewa, faifan ne ya karce, sai motar Sakkwato, aikin mutane ya kwana. Filashi ya mantar da mu duk wannan, har Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Ba intanet, wasunmu suka kakkaɓo tsofaffin fayafai.