John Godwin da Ginin da ke Sanyaya Kansa

John Godwin Baturen Ingila ne, gwanin zanen gine-gine, an haife shi a 1928. Ya zo Nijeriya a 1954, kuma a 1955 shi da matarsa Gillian Hopwood suka buɗe kamfaninsu a Legas. Sun zana masana'antu da dama, da Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Dabararsu ita ce a kare bango daga rana, a yi wa tagogi inuwa, iska ta ratsa ta kore zafi. Ya rasu a 2023. Ganin yadda ƙarancin wutar lantarki ya durƙusar da masana'antu a Sharaɗa, Challawa da Bompai, ya kamata maginanmu su waiwayi wannan dabara.