Tarihin Tsare Yaran 'Yan Gudun Hijira a Tsibirin Nauru

Nauru ɗan ƙaramin tsibiri ne a tekun Pasifik, faɗinsa murabba'in kilomita 21 kacal. Can Ostareliya ta riƙa kai masu neman mafaka da suka nufo ta a jirgin ruwa, har da yara ƙanana. Abin ya faro ne a watan Agustan 2001, lokacin da jirgin dakon kaya na Norway mai suna Tampa ya ceto mutane fiye da 400 a teku, yawancinsu 'yan Afganistan, gwamnatin Ostareliya ta John Howard kuma ta hana su sauka a ƙasarta, aka kai yawancinsu wani sansani a Nauru. An rufe sansanin a 2008, aka sake buɗe shi a 2012. A watan Yulin 2013 Firaminista Kevin Rudd ya ce duk wanda ya zo ta ruwa ba tare da biza ba, ba za a taɓa zaunar da shi a Ostareliya ba.

Tun daga nan zaman yaran ya zama ba ranar fita. Iyalai na kwana cikin tantunan leda masu funfuna, a kan tsakuwar tsohon filin haƙar ma'adinai, ga zafi kamar gashi. Ma'aikata kan kira yaro da lambar jirgin da ya kawo shi maimakon sunan da iyayensa suka raɗa masa.

Ƙungiyar Save the Children ce ta riƙe makarantar cikin sansanin, kuma ga yara da yawa ajin nan ne kaɗai wurin da ranarsu take da tsari. A 2014 aka kori wasu ma'aikatanta bisa zargin suna zuga tsararru su cutar da kansu. Binciken da gwamnatin Ostareliya ta sa Philip Moss ya yi bai sami hujjar hakan ba. A 2015 aka rufe makarantar, aka tura yaran makarantun gari. Can suka gamu da tsangwama da duka, da yawa suka daina zuwa. Wannan rufewa tana cikin mafi munin abin da aka yi musu, domin yaron da aka hana sanin gobensa an kuma raba shi da malamin da ya saba da shi.

A Agustan 2016 jaridar Guardian ta fallasa rahotannin cikin sansanin sama da 2,000, fiye da rabinsu kan yara ne: duka, cin zarafi, yunƙurin kashe kai. Zuwa 2018 likitoci na ganin yaran da suka daina ci da sha da magana, suna kwance ba motsi. A Oktoban wannan shekara gwamnatin Nauru ta dakatar da aikin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF.

Ƙorafin jama'a da umarnin kotuna suka sa aka riƙa kwashe yaran zuwa Ostareliya neman magani. Yara huɗu na ƙarshe sun tafi Amurka a Fabrairun 2019. Ostareliya dai ta ci gaba da biyan kuɗin riƙe sansanin.